Tsintsiyar da Aka Kwance wa Jan Ƙyalle

Gidan Alhaji Mukhtar,
Unguwar Yakasai,
Cikin Birnin Kano.
Ranar Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga mai alfarma, fitilar gidan yayana, tauraruwar da ta keto daga Ƙofar Na'isa ta je ta haskaka birnin Fatakwal, babbar kwamandar rundunar yaƙi da ƙazanta ta tudu da ta ruwa, ma'abociyar soso da sabulu, wadda ƙwayar cuta ke jin takunta ta zauna rubuta wasiyya, Malama Safiya matar Yaya Abdallah. Daga mafi ƙanƙantar bayin Allah, ƙanin mijinki kuma abokin wasanki na halak, wanda shari'a da al'ada suka ba shi lasisin faɗa miki abin da ya ga dama.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin wadda ta dace da matsayinki, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, da kwanciyar hankali, da barci mai daɗi irin na wanda bai bar komai a bayansa ba. Allah Ya ƙara wa Yaya buɗi, Ya raya mana yara, Ya kare ku daga zazzaɓin garin nan naku mai ruwa. Na zaɓi alƙalami da takarda ne saboda na lura kwana tara ke nan wayarki tana fama da wata lalura mai ban mamaki, wadda ba ta tashi sai lambata ta kira. Allah Ya ba ta lafiya. Takarda kuwa ba a kashe ta, kuma direban da zai miƙa miki ita na ja masa kunne ya sa ta a hannunki, kada ya ba Yaya.

Mutanen gida duk lafiya. Gwiwar Baba ta yi sauƙi tun dawowarsa daga Umra, har yana takawa masallaci ba sanda. Dabino da zamzam sun ƙare, masu zuwa sannu da zuwa su ma sun ƙare a rana ɗaya da su. Ƙanwarmu Zainab ta koma makaranta. Hajiya tana nan yadda kika san ta, sai dai ta rame kaɗan, kuma ta haramta miyar kuɓewa a gidan nan har abin da hali ya yi. Labari mafi nauyi shi ne na 'Yardada. Baba ya yanke hukunci, Hajiya ta sa hannu: ranar Asabar mai zuwa Ɗantani, ɗan ƙanen 'Yardadar, zai zo ya tafi da ita ƙauye, tafiyar da ba dawowa. A kan wannan na zauna rubuta miki, domin mutum uku ne a duniya suka san ba ta da laifi, kuma biyu daga cikinsu su ne mai rubuta takardar nan da mai karanta ta.

Na san kin san 'Yardada, amma sanin kwana biyar ne, don haka bari in cika miki. Shekararta ashirin da shida a gidan nan. Ta zo ne bayan rasuwar mijinta, da ƙullin kaya ɗaya, a matsayin 'yar uwar kakarmu ta nesa, irin nisan da ba a iya lissafa shi sai an zauna. Ita ta goyi mijinki har zaninta ya ƙoƙe a baya. Ita ta yi mini wankan jarirai karo na biyu lokacin da na faɗa kwata ina shekara huɗu. Madafa tata ce, bayi nata ne, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ta haɗa abin da ke can da abin da ke nan ba. Idonta ya fara hazo, gaskiya ne, har allura sai an zura mata, amma hannunta ya san kowace ƙusa a bangon gidan nan.

Yanzu ki ba ni izini in yi miki darasin da ya kamata a ce an yi miki tun ranar da aka kai lefenki. A gidanmu tsintsiya tana da matakan aiki kamar ma'aikacin gwamnati. Tana sabuwa, doguwa, mai kwarjini, falon Baba ake kai ta. In ta fara gajiya sai a sauke ta tsakar gida, daga nan ta gangara bakin kwata. Ranar da ta cinye ta zama guntuwa, ba ta fi tsawon kamu ɗaya da rabi ba, sai a yi mata ritaya zuwa bayi, kuma a ranar 'Yardada take ɗaura mata jan ƙyalle a gindi, ta rataye ta a ƙusar da ke bayan ƙofa, kusa da bokitin da shi ma ba ya fitowa. Wannan jan ƙyalle shi ne iyaka tsakanin tsarki da najasa a gidan Alhaji Mukhtar. Hajiya tana cewa tun kakanninmu suna zuwa da raƙuma daga Gadamas haka ake yi, ni dai ban ga takardar shaida ba. Dalilin ƙyallen kuwa a fili yake: akwai wata guntuwar tsintsiya a gidan, tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, wadda aikinta kaɗa miya, domin 'Yardada ta rantse maburgi ba ya fitar da yauƙin kuɓewa yadda take so. Ita wannan ba ta da ƙyalle, kuma mazauninta kan gajeriyar katangar madafa, inda take shan rana bayan an wanke ta. Yaron da ya fara rarrafe a gidan nan ya san wannan. Baƙo kuwa ba a gaya masa, saboda ba a taɓa tunanin baƙo zai kai hannunsa bayan ƙofar bayi ba.

A nan ne muka yi kuskure, don ba mu yi lissafi da ke ba. Baƙo a cikin birni aikinsa sananne ne. Ya ci abin da aka ba shi, ya yaba, ya shiga bayi da ƙafar hagu ya fito da ta dama, ya mayar da buta inda ya same ta da ruwa a ciki, in ya ga abin da bai yi masa ba ya kawar da kai. Ko da zai yi kara ya ce a kawo ya taya aiki, ana cewa ya bari sai ya bari, kowa ya fita kunyar kowa. Baƙon da ya naɗe hannun riga ya wanke wa masu gida bayinsu ya rubuta musu takarda ne cewa su ƙazamai ne, ya kuma buga hatimi. Amma ke kin zo da niyyar sai Hajiya ta so ki ko ta halin ƙaƙa, tunda kin san har yau ba ta gama haɗiye cewa ɗanta ya tsallake 'ya'yan dangi ya ɗauko ki ba. Niyya mai kyau ce, ina yi miki shaida. Na daɗe ban ga niyya mai kyau da ta yi ɓarna irin wannan ba.

Safiyar Alhamis ce, ranar da Baba ya gayyaci abokansa na kasuwa da limamin unguwa cin abincin rana don godiyar dawowa lafiya. Misalin ƙarfe bakwai ina kan bene ina neman inda waya za ta kama, Allah Ya nufe ni da zama shaidar tarihi. Na ga kin shiga bayin tsakar gida da farin maganin nan mai warin asibiti da kika taho da shi a jakarki tun daga Fatakwal, abin da ke nuna harin shiryayye ne. Na ji 'Yardada ta biyo ki tana roƙon ki don girman Allah ki bari, tana cewa ke baƙuwa ce, in Hajiya ta gani ita za a yi wa faɗa. Kika ce mata ta je ta huta, ai gidanku ne. Ta juya ta tafi gyaran kuɓewa. Bayan kamar rabin awa kika fito da tsintsiyar bayi riƙe da yatsa biyu, fuskarki kamar ta likitan da ya gano annoba. Na ji kina faɗa wa kanki cewa barin jiƙaƙƙiyar tsintsiya a duhu shi ke tara cuta, rana ce maganinta. Sai kika tsuguna a bakin famfo, kika kwance jan ƙyallen da ya fi ki daɗewa a cikin danginmu, kika jefa shi kwandon shara, kika wanke tsintsiyar da magani har sau uku. Kika ɗaga kai kina neman inda rana ta fi bugawa. Kaf gidan nan, da faɗinsa da soronsa da igiyoyin shanyarsa, ba inda ya yi miki sai katangar madafa. Garin ajiye taki kika ture ta miyar ta faɗa bayan randa, ba ki ko waiwaya ba.

Kada ki tambaye ni abin da ya hana ni magana. Masanin tarihi ba ya sa hannu a cikin abin da yake nazari, kuma a gaskiya ina son in ga iyakar abin.

Iyakarsa ta zo da azahar. 'Yardada ta miƙa hannu kan katanga inda ta saba miƙawa shekara ashirin da shida, ta shafa gindin tsintsiya ta ji ba ƙyalle, ta yi bisimilla ta tsoma ta a tukunya. A daidai lokacin kika shigo madafa ɗauke da tire. Malama Safiya, na ga fuskoki da yawa a rayuwata, na ga ta ɗalibin da aka kama da takarda a cikin hula, amma ban taɓa ganin irin taki ba. Kin tsaya, kin buɗe baki, kin dubi tukunya, kin dubi ƙofar falon da Hajiya take zaune da matan dangi, sannan kin rufe bakin a hankali kamar mai rufe akwatin amarya. Kalma ɗaya a lokacin da ta wadatar. Da an zubar da miya, an yi miki dariyar wata guda, an wuce wurin. Sai ga shi an zo zuba abinci kin sanar da jama'a cewa kina azumin Alhamis. Hajiya har ta dube ki da wani sabon ido ta ce Allah Ya karɓa. Ni ma na ce amin, duk da cewa da idona na ga ƙosai bakwai da kofin koko sun shige ki da hantsi. Ni kuwa na tuna ina da alƙawari da wani mai gurasa a bakin titi.

Miya ta yi farin jini, wannan kam ba a ƙwace miki ba. Mutum goma sha ɗaya suka zauna a zaure, ba wanda ya bar loma. Liman, Malam Nata'ala, ya cinye malmala biyu ya nemi ta uku, ya ce shekararsa sittin yana shan kuɓewa bai taɓa jin mai wannan ƙamshi ba, wani ƙamshi mai ratsa hanci kamar an buɗe taga. Ya tambayi Baba ko wani sabon kayan yaji ne ya taho da shi daga Makka. Baba, wanda bai san komai ba, ya yi murmushin masu sirri ya ce harkar mata ce. Har yau in Malam ya gan ni bayan sallar magariba sai ya riƙe hannuna ya tambaye ni yaushe za a maimaita. Nakan ce masa mai haɗa sinadarin ta yi tafiya.

Washegari Juma'a kika kama hanya, bayan kin rungume 'Yardada kin ba ta turmin atamfa, kyautar da ta ba kowa mamaki saboda ko Hajiya turare kawai ta samu. Motarku ba ta kai Ƙofar Nasarawa ba Hajiya ta shiga bayi ta ga ƙusa tsirara. Aka shiga nema. Aka zaro tsintsiyar miya ta gaskiya daga bayan randa, busasshiya, da yanar gizo a jikinta. Hajiya ta ɗauki wadda ke kan katanga ta kai hanci. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan turmi ta yi salati, sannan ta shiga ɗaki ta yi amai har sau biyu, na abincin da ya riga ya kwana.

Da yamma aka yi zaman shari'a a falon Baba, ni ina daga bakin ƙofa a matsayin ɗan kallo. Hajiya ta ce mutum ɗaya ne ke taɓa tsintsiyar bayi a gidan nan, mutum ɗaya ne ke kaɗa miya, kuma mutumin ɗaya ne. Ta ce tsufa ba laifi ba ne, amma wadda ta ciyar da limamin unguwa abin da ta ciyar da shi, gobe guba za ta zuba a shayi tana zaton sukari. Baba ya tambayi 'Yardada ko ita ta kwance ƙyallen. Ta ce wallahi ba ita ba ce. Ya tambaye ta to wa ya kwance. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Sau uku yana tambaya, sau uku tana kallon tabarma. Hajiya ta ce shirun ya isa amsa, an gama. Sunanki bai fito a bakin kowa ba, don wa zai zargi baƙuwa mai azumin nafila?

Bayan kwana biyu na same ta a ɗakinta na tambaye ta dalilin da ya sa ta rufe baki, alhali ta gan ki da idonta, duk hazonsa. Ta ce in rufa mata asiri in bar maganar. Ta ce baƙon da ya ci abincin gida ya yi sallama ya tafi ba a bin bayansa da tuhuma, ba a yi haka a gidan da ta tashi ba. Ta ce kuma yarinyar nan da ƙyar ta samu Hajiya ta fara yi mata fara'a, in wannan ya fito ba za ta ƙara ɗaga kai a cikin dangi ba har ta mutu, ita kuwa tsohuwa ce, ko ina aka ajiye ta kwana nawa ya rage. Ta ce tana da yaƙinin in kin ji abin da ya faru za ki yi magana da kanki, don ta ga alamar kirki a fuskarki. Na ce mata lallai idon nata ya fi yadda muke zato lalacewa.

Halin da take ciki yanzu kuwa, an hana ta shiga madafa, an hana ta taɓa bokiti, an ware mata kwanonta. Tana zaune a ƙofar ɗaki tun safe har yamma, hannuwanta a kan cinya, ba ta san abin da ake yi da su ba in ba aiki. Ta ƙulle kayanta tun ranar Talata, kuma ƙullin bai fi wanda ta zo da shi girma ba sai da atamfarki. Ɗantani da aka kira ya ce shi ɗaki biyu gare shi da 'ya'ya tara, amma akwai rumfar da yake ajiye buhunan gyaɗa, zai share mata gefe. Jiya na ji tana tambayar Hajiya ko za a bar ta ta yi sallama da Abdallah ta waya. Hajiya ta ce kada a ɗaga masa hankali yana wurin aiki.

Saboda haka nake tsaye a gabanki, ya ma'abociyar tsafta, da sunan adalci da zumunci da haƙƙin tsofaffi, ina kira gare ki da ki ɗauki wayarki, in ta warke, ki kira Hajiya kafin ranar Asabar ki gaya mata abin da hannunki ya aikata. Za ta yi fushi. Za ta faɗa wa 'yan uwanta na unguwar Alfindiki, su kuma za su faɗa wa birni, kuma ina kyautata zaton har jikokinki za a riƙa nunawa a gidan biki. Amma tsohuwa za ta kwana a ɗakinta. In kina tunanin ba hujja, ina sanar da ke cewa jan ƙyallen yana wurina cikin leda, na tsamo shi daga kwandon shara tun a ranar, yana ta warin maganinki.

Na san a yanzu kina mamakin yadda ƙanin mijinki Yasir, wanda aka sani ba ya tashi daga kan katifa don kowa, ya zama lauyan marasa gata. Tunda takarda ta zo ƙarshe, bari in sauke rawani. Tun ranar da aka dakatar da 'Yardada, Hajiya ta rantse ba baƙuwar mai aiki da za ta ƙara taɓa mata tsintsiya, ta waiga ta ga mutum ɗaya ne a gidan ya gama digiri ba ya zuwa ko'ina da safe. Yau kwana tara ni ke wanke bayi uku na gidan nan, da guntuwar tsintsiya, a tsugune, da hannuna na dama da nake cin tuwo, Hajiya tana tsaye a kaina tana nuna mini lungu. Fatar yatsuna ta fara saɓulewa. Shekaranjiya abokina ya leƙo daga benen maƙwabta ya gan ni, yanzu duk majalisa Sarkin Bayi suke kirana.

Don haka in kin ga kiran Hajiya ya fi ƙarfinki, kuma na san ya fi, akwai hanya mai sauƙi. Ki ba direban nan safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu, guda biyu, da buroshi mai dogon hannu irin wanda na gani a bayinku, haɗe da ɗan mazubinsa, don in daina tsuguno. Ranar da suka iso zan jefa ƙyallen a kwata, bakina ya mutu, ki ci gaba da zama surukar kirki mai azumin Alhamis, Ɗantani kuma ya zo ya ɗauki gwaggonsa. Ni dai na fi son ki yi kiran, ba zan ɓoye miki ba, saboda safar roba wata uku take yi ta huje, 'Yardada kuwa shekara ashirin da shida ba ta huje ba.

Ki gaishe mini da Yaya Abdallah da kyau, ki ce masa komai lafiya a gida. Ki shafa mini kan Auwalu da Hajo ƙarama, ki ce Baba Yasir yana nan yana yi wa ƙasa hidima. Baba da Hajiya suna gaishe ku. 'Yardada ma, da ta ji zan rubuto, ta ce in gaishe ki in ƙara, ta ce atamfar ta yi kyau, Allah Ya yi miki albarka.

Safar ta zama babba, don hannuna ba irin naki ba ne, kuma baƙa ko shuɗiya. Kada ki aiko da ruwan hoda, ana hango ni daga bene.

Wassalam. Naki cikin ladabi da jiran direba,
Yasir Mukhtar.